Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya hau tsaunukan Sierra

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa mu ma lafiya muke, sai dai mahaifiyarka ba ta yi barcin kirki ba tun daren da ƙanwarka ta yi suɓutar baki a gabanta. Kada ka ga laifin yarinyar, domin ta riƙe maka sirrin nan mako uku, kuma ko da ta faɗa, da kuka ta faɗa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sau biyu muka yi magana da kai a cikin makonnin nan, ka ba ni labarin jarrabawa da na malamanka, amma ba ka ce mini kai da abokanka biyu kun karɓi takardar izinin shiga tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya a watan Agusta ba. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kakan yi ta ce mini "to Baba, to Baba" har mu yi sallama, ni kuwa ina so ka karanta wannan a zaune, ka sake karantawa.

Na sa an buga mini taswirar hanyar da kuka zaɓa, na shimfiɗa ta a kan tebur kwana huɗu ina bin ta da fensir. Shekara talatin na yi ina aikin safiyo, saboda haka idan layukan da ke nuna tsayin ƙasa suka matse juna har suka zama kamar zare ɗaya, na san abin da ƙafa za ta tarar a wurin. Wannan hanya da kuke kira Sierra High Route, wadda Steve Roper ya tsara ya fitar a 1982, ta kai kimanin kilomita 314 daga Kings Canyon zuwa Twin Lakes, kuma kusan rabinta babu turba ko kaɗan. Babu alama, babu gada, babu sawun da za ka bi, sai taswira da kamfas da abin da idonka ya gaya maka. Ba zan yi maka ƙarya ba, na gane abin da ya ja ka. Tafkuna ne garai-garai a zube cikin kwanon dutse, a can sama inda itatuwa suka ƙare, mutum ya yi yini bai haɗu da kowa ba. Ni ma na san daɗin wayewar gari a dajin da babu motsin ɗan Adam, kuma wataƙila a wurina ka gaji wannan.

Haɗarurrukan da kowa ya sani, na tabbata kun karanta su fiye da ni. Beyar ba ta dame ni ba, tunda doka ta tilasta muku kulle abinci a cikin gwangwanin da ba ta iya buɗewa. Hadarin rana tsaka da ke tasowa a Yuli da Agusta yana da magani, wato ku tashi da asuba ku tsallake mashigin dutse kafin azahar, kada aradu ta same ku a kan tsiri. Rafuka ma haka: ruwansu na narkakkiyar ƙanƙara ne, yana ƙaruwa da yamma, yana raguwa da safe, don haka da safe ake ƙetarewa, a kwance ɗamarar jaka tukuna yadda in an faɗi za a iya yar da ita. Kada ku raina wannan, domin a 2017, shekarar da ƙanƙara ta yi yawa, mata biyu masu doguwar tafiya sun nutse a rafukan tsaunukan nan, ɗaya a reshen kudu na kogin Kings, ɗaya a cikin gandun dajin Yosemite, kuma su a kan turba suke tafiya. Sai kuma tarin manyan duwatsun da suka ɓalle suka taru a gangaren mashigai irin su Frozen Lake Pass da Snow Tongue Pass, waɗanda sukan motsa in an taka su, dutsen da ya kai girman akwati ya juya ya danne ƙafa. A irin wurin nan kada ɗayanku ya tsaya a ƙarƙashin ɗan'uwansa kai tsaye. Duk waɗannan abubuwa ne da hankali da haƙuri suke rage su, kuma na yarda kana da duka biyun.

Abin da ya hana ni barci yana cikin jininka ne, kuma hankali ba ya canza shi. Kai AS ne. Ka san ranar da aka gwada ku, ka san dalilin da ya sa aka gwada ku, kuma ka san wanda ba ya cikinmu yau. Na lura tun da ka girma kake ɗaukar maganar nan kamar harafi biyu ne kawai a kan takarda, abin da za a tuna da shi sai ranar neman aure. A ƙasa, inda iska take da kauri, kusan haka ne, domin mai AS ba mai ciwon sikila ba ne, kuma mafi yawansu suna rayuwa ba tare da sun taɓa jin komai ba. Amma a can sama lissafin yana sauyawa. A tsayin mita 3,700, inda wasu mashigan hanyarku suke, kowane numfashi yana kawo maka kusan kashi biyu cikin uku ne kacal na iskar oksijin da kake samu a bakin teku, inda kake zaune yanzu. Idan oksijin ta yi ƙaranci, ga nauyin kaya a baya, ga hawa, ga busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishi sosai ba, ga sanyin dare, to wasu jajayen ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su zama kamar lauje, yadda na mai SS suke yi. Wurin da suka fi maƙalewa shi ne saifa, saboda jini yana tafiya a cikinta sannu a hankali ta ƙananan hanyoyi. In suka toshe hanyoyin, sai wani sashe na saifar ya rasa jini ya mutu. Yadda abin yake farawa shi ne ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu, da tashin zuciya, da amai, da zazzaɓi, kuma sau da yawa yana zuwa ne a kwana ɗaya ko biyu na farko bayan an hau.

Ba ni na ƙirƙiri wannan don in tsorata ka ba. Kai da kake Amurka ka fi ni sanin Ryan Clark, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, wanda shi ma AS ne. Mutum ne ƙaƙƙarfa wanda motsa jiki ne sana'arsa, likitoci na kewaye da shi, amma a 2007 ya buga wasa a Denver ya kamu da wannan ciwo, har sai da aka cire masa saifa da madaciya, kuma daga baya ƙungiyarsa ba ta ƙara barinsa ya yi wasa a garin ba. Tsayin Denver kimanin mita 1,600 ne kawai. Ku kuwa daga kusan wannan tsayin za ku fara. A ranarku ta farko za ku tashi daga Road's End, inda hanyar mota ta ƙare a Kings Canyon, wajen mita 1,500, ku bi turbar Copper Creek ku hau zuwa tafkin Grouse da ya haura mita 3,100, da jakunkuna cike da abincin kwanaki. Likitocin da suka san ciwon tsauni suna cewa, ga kowa ma, in an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Ku za ku ƙara sama da mita 1,600 a yini ɗaya, a ranar da kayanku suka fi nauyi, jikinku kuma bai saba da komai ba tukuna.

Ga abin da na gani a taswirar nan wanda ya sa na ajiye fensir. Maganin farko na wannan ciwo, da na duk wani ciwon tsauni, shi ne a sauko ƙasa da gaggawa. To amma kwarin tafki kamar akushi yake. Ruwa yana fita daga cikinsa ta kwazazzabon da ƙafar mai kaya ba ta iya bi cikin sauƙi, mutum kuwa sai ya hau baki kafin ya fita. Idan ciwo ya kama ka a Lake Basin, hanyar da ke gabanka ita ce Frozen Lake Pass, sama da mita 3,700, a kan duwatsu masu motsi. Ko a Dusy Basin, inda akwai turba, sai ka fara hawa Bishop Pass mai kusan mita 3,650 kafin ka gangara zuwa inda mota take, sannan a kai ka garin Bishop. Ka gaya mini yadda mutumin da ya dafe haƙarƙari yana amai zai hau dutse don ya sauka. Za ka ce akwai na'urar da ke aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan Adam, kuma lallai ne ku ɗauke ta. Amma jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi don an danna maɓalli kawai: yana jiran gari ya waye, yana jiran hadari ya wuce, yana jiran iska ta lafa. Daren nan guda na jira shi nake gani duk lokacin da na rufe ido, domin na taɓa zama a bakin gado irin wannan dare, kuma a lokacin asibiti yana kusa.

Yanzu zan tambaye ka, kuma ina son amsa ta gaskiya: abokan tafiyarka sun san kai AS ne? Zuciyata ta ba ni ba su sani ba, domin wanda ya ɓoye wa mahaifinsa tafiya zai ɓoye wa abokai abin da yake gani kamar rauni. In haka ne, ka yi musu rashin adalci. Za ka sa mutum biyu su shiga wurin da babu mai taimako sai su, alhali ba su san abin da za su lura da shi ba. Ranar da ka ce cikinka na ciwo, za su ɗauka ruwan rafi ne ya ɓata maka ciki ko gajiya ce, su ce ka daure a tsallake mashigi ɗaya, kai kuma da na sani ba za ka ce a'a ba, don kada a ce kai ne ka karya tafiya. Wannan ba jarumtaka ba ce, ɗana, girman kai ne, kuma ba haka na rene ka ba. Kada kuma ka ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na fi ka sanin haka, na kuwa san shi ta hanyar da ba na fatan ka sani, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Na san abin da ke ranka, domin ka taɓa faɗa mini shi a fusace shekarar da na hana ka gasar gudun nan: cewa na mayar da kai magajin ciwon da ba naka ba, ina kallonka ina ganin wani. Na yi shiru a ranar, amma maganar ba ta bar ni ba. Wataƙila na tsananta a wasu wurare. Sai dai ka tuna ni ne na sa hannu ka tafi Kalifoniya lokacin da dangi kaf suka ce kada a bar ka ka yi nisa, ni ne kuma na rarrashi mahaifiyarka wata uku kafin ta yarda. Wanda yake son ya tsare ka a gida ba zai yi haka ba. Ban taɓa jin tsoron nisanka ba. Tsayin wurin nan nake tsoro, kuma ina da hujja.

Da son raina ne, da ka fasa wannan hanya gaba ɗaya. Amma kai ba yaro ba ne, kuma ba na son in ba ka umarnin da zai sa ka ƙara ɓoye mini wani abu. Gaskiya ne kuma cewa masu AS da yawa sun hau tsaunuka sun sauko lafiya. Matsalar ita ce babu wanda ya san a wane ɓangare yake sai ya hau. Saboda haka ina roƙonka, kafin ka ƙara sayen ko da igiyar tanti, ka je wurin likitan jini, ka kai masa sakamakon gwajinka da taswirar nan, ka nuna masa tsayin kowane wurin kwana, ka ji ta bakinsa. In ya ce kada ka je, magana ta ƙare. In bai hana ba, to ka fara gwada jikinka a inda mota ke kaiwa, kamar Tuolumne Meadows da ke wajen mita 2,600, ka kwana biyu ko uku, ka yi gajerun tafiye-tafiye ba tare da kaya masu nauyi ba, yadda in wani abu ya taso za a sauko da kai cikin 'yan sa'o'i. Bayan haka ku raba hawan ranar farko gida biyu, ko da zai ci muku kwana. Ka riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo, ka riƙa duba launin fitsarinka, in ya yi duhu ko ka ga alamar jini ka tsaya. Ka zaunar da abokanka ka gaya musu komai, ku yi alkawari tun a gida cewa ciwo a haƙarƙarin hagu, ko ciwon kai da amai da tangaɗi, ko numfashi da ƙyar alhali ana zaune, yana nufin an juya a nan take, babu shawara, babu jiran safiya in ana iya tafiya.

Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba, amma tana so ta ji muryarka. Ni kuma na yi wa taswirar alama da jan biro a kowane wurin da ake iya fita zuwa turba, na rubuta nisan kowanne da tsayin da za a hau kafin a sauka, zan ba ƙanwarka ta ɗauki hotonta ta turo maka gobe. Ka kira ni ranar Juma'a da dare, taswirar tana gabanka, tawa tana gabana, mu bi ta tare tun daga Road's End. Ina so ka nuna mini tafkin da ka fi ɗokin gani.

Allah Ya tsare ka, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka