A bayyana mana ƙa'idar rage gudun intanet lokacin cunkoso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi bayani kan kukan da jama'a ke yi na cewa intanet na rarrafe daga bayan sallar Isha'i zuwa tsakar dare. Aikinmu harhaɗa layukan sadarwa ne, kuma ra'ayinmu shi ne: rage gudu lokacin cunkoso ba laifi ba ne, laifin yana wajen ɓoye ƙa'idar da ake bi.

Babu kamfanin da ke sayen babban layi daidai da jimillar abin da ya sayar. A ɗauka unguwa ce mai gida 200, kowanne an sayar masa gudun megabit 20 a daƙiƙa. Jimilla 4,000 ke nan, alhali layin da ya shigo unguwar 1,000 ne. Da rana lafiya lau, domin ba kowa ke ja lokaci guda ba. Amma bidiyo mai kyawun hoto yana cin kamar megabit 5, saboda haka idan duk gidajen suka kunna kallo da daddare, layin ya cika maƙil.

Da ya cika, ƙunsoshin bayanai, wato ƙananan gutsattsarin da ake yanka saƙo kafin a tura shi, sai su yi jerin gwano a cikin rauta, na'urar da ke rarraba su. A nan ƙananan kamfanoni da yawa ke kuskure, su bar wa jerin wuri mai yawa don kada ƙunshi ko ɗaya ya zube. Ma'ajiyar jeri ta megabait 1 (wato megabit 8) a kan layin megabit 10 tana jawo jinkirin milisakan 800, alhali hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce kiran murya ya fi daɗi idan jinkirin bai wuce 150 ba. Shi ya sa za ka ji murya tana yankewa a WhatsApp duk da cewa kiran ko megabit ɗaya ba ya ci. Maganin yana nan, kuma kyauta ne: tsarin FQ-CoDel, wanda ke cikin manhajar Linux da sababbin manhajojin rautocin kamfanin MikroTik. Yana ware wa kowace hulɗa, kamar kira ko saukar da fayil, jerinta, idan kuma jira ya zarce milisakan 5 har tsawon milisakan 100, sai ya fara zubar da ƙunshi kaɗan don mai aikowa ya sassauta. A saita iyakar gudu a kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na ƙarfin layin, domin jerin ya taru a na'urar da kake iko da ita. Sannan a raba rabon bisa mai biyan kuɗi, in ba haka ba wanda ya buɗe hulɗa hamsin zai danne mai guda ɗaya.

Wa za a rage wa? A 2007 aka gano kamfanin Comcast na Amurka yana katse masu amfani da manhajar musayar fayiloli ta BitTorrent a ɓoye, kuma a 2008 hukumar sadarwar ƙasar ta ce ya daina. Tsarin da ya koma kai ya cancanci koyi. Sai amfani da layin unguwa ya haura kashi 80 wajen saukewa, ko 70 wajen ɗorawa, na minti 15, kafin a taɓa kowa. Daga nan wanda ya yi minti 15 yana jan fiye da kashi 70 na gudun da ya saya, shi ake mayarwa bayan jeri, har sai ya sauko ƙasa da kashi 50. Ba a duba ko karatu yake ko kallon ƙwallo. Adalcin ke nan a ganinmu: a auna yawan abin da mutum ya ja, kada a leƙa abin da ya ɗauko.

Ta fuskar tsaro akwai toshewar da ta halatta. Kowane irin saƙo yana da ƙofa mai lamba da yake bi: ana rufe ƙofa mai lamba 25 ga masu amfanin gida don daƙile wasiƙun bogi, da ta 445 wadda cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi a 2017. Wajibi ne kamfani ya watsar da duk ƙunshin da ya fito daga abokin cinikinsa ɗauke da adireshin da ba nasa ba, domin da irin wannan jabun ake kitsa harin ambaliyar saƙonni. Haka nan a tace hanyoyin da ake shelanta wa sauran kamfanoni cewa ta nan saƙo zai bi. A Nuwamban 2018 kuskuren saiti a wani kamfani na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta China da Rasha fiye da awa guda. Tace hanyoyi da sa musu hannu ta tsarin tantancewa na RPKI, ƙarƙashin AFRINIC mai raba adireshin intanet a Afirka, yana rage irin wannan.

Duk da haka, dabara ba ta maye gurbin faɗaɗa layi. Idan yana cika kullum, a ƙara shi, a kuma haɗu da cibiyar musayar intanet ta IXPN, wadda ke da reshe a Kano.

Muna roƙon hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, wadda ta fitar da ƙa'idojin aikin intanet a 2019, ta tilasta wa kowane kamfani ya rubuta abu huɗu cikin Hausa da sauran harsunanmu kafin mutum ya biya: gigabait nawa za a ci a tsarin da ake kira "mara iyaka" kafin a rage gudu, zuwa megabit nawa za a rage, yaushe gudun zai dawo, da waɗanne ƙofofi aka rufe. Wanda aka rage wa ba tare da an sanar da shi ba, ya fara kai ƙara ga kamfaninsa ya karɓi lambar ƙorafi, idan ba a share masa hawaye ba ya kira NCC a 622, kiran kyauta ne.

Wassalam.

Wasu injiniyoyin sadarwa,
Kano