Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya kama mana hayar mota mai ɗaki a Finiks

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya.

Sau huɗu ina hawa benen ofishinku da wannan gwiwa tawa mai ciwo. Zuwan farko aka ce kana Kano, na biyu kana Umara, na uku yaron da ke kan kanta ya miƙo mini ruwan leda ya ce in bar lambata. A na huɗu kuwa da idona na ga motarka a gindin darbejiyar ƙofar ofis, amma aka ce ba ka shigo ba. Tun da baki ya kasa kaiwa kunnenka, bari alƙalami ya gwada. Ban ambaci sunanka ko na kamfaninka ba saboda darajar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, wanda muka sha ƙurar alli tare da shi a makaranta ɗaya. Kai dai ka san da kai nake.

Bari in tuna maka yadda aka faro, ko da ka manta. 'Yata da ke aure a Tempe, wani gari da ke manne da Finiks, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, ta sauka a ƙarshen Yunin bara. Haihuwar fari ce. Hajiya ta ce ko da rarrafe sai ta je ta kula da jegon, ni kuma na ce ba za ta yi wannan doguwar tafiya ita kaɗai ba. Gidan da suke haya ɗaki ɗaya ne da falo. Kai Bahaushe ne, ba sai na yi maka bayanin abin da zai hana ni kwana a falon surukina har wata guda ba. Kuɗin otal na kwana 30 kuma ya fi ƙarfin ɗan fansho. Da wannan matsala na zo ofishinku, tun da dama ku kuka yi mana tikiti.

Kai da kanka ka juyo mini da fuskar kwamfutarka. Mota ce doguwa fara, a cikinta gado, da kicin, da firiji, da banɗaki, an ajiye ta a bakin tafki cikin dogayen itatuwa. Ka ce, "Baba, wannan gida ne a kan taya. Ku ajiye ta a ƙofar gidan 'yarku, ku jona wuta daga ciki, ga ku kusa ga ku nesa." Da na tambaye ka zafin garin, don na ji ana cewa hamada ce, sai ka yi dariya ka ce mutumin da ya yi azumi a watan Afrilu a Zariya wane zafi za a nuna masa. A rasit ɗin da kuka ba ni, wanda yake gabana yanzu haka, an rubuta cewa kuɗin ya ƙunshi komai na tsawon wata ɗaya.

Tun a ranar da muka sauka maganar ta fara warwarewa. Masu motar suka ce ba sa ba da ita ga wanda ya sauko daga doguwar tafiyar jirgi a wannan rana, sai ya kwana ya huta. Dokarsu ce, kuma da hankali a cikinta, amma ba wanda ya faɗa mini a Zariya, sai muka kwana a otal ɗin da na zo gudu. Washegari suka nemi katin bashi na banki don su riƙe kuɗin ajiya, suka ƙi karɓar nawa katin. Surukina ne ya zaro nasa, aka rubuta shi a matsayin direba na biyu. Wato mutumin da na kashe dukiya don kada in ɗora masa nauyi, shi ya tsaya mini tun kafin in murza makulli. A nan ne kuma na fara ganin takardar yarjejeniyar, shafi kan shafi. Shekara 35 ina koyar da Turanci, Alhaji. Da kun ba ni ita a ofis da na karanta, da kuma ban biya ba.

Tuƙin bai ba ni wahala ba, don mu ma tun 1972 muka koma hannun dama kamarsu. Wurin ajiyewa ne tashin hankali. Masu kula da gidajen hayar suka ce ko awa ɗaya ba za ta tsaya a harabarsu ba, balle a kwana a ciki. Batun jona wuta kuwa, soket ɗin gida a can ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗakin da ke kan rufin motar, ita tana son layi nata na musamman mai ƙarfin amfiya 30. Daren farko muka raɓe a filin ajiye motoci na wani babban kanti. Wajen ƙarfe biyu na dare mai gadi ya ƙwanƙwasa mana gilashi da tocila, cikin ladabi dai, ya ce mu ƙara gaba. Ni da furfurata, Hajiya tana laluben mayafi a cikin duhu. A ƙarshe muka samu wuri a wani sansanin irin waɗannan motoci a garin Mesa, inda ba a karɓar kowa sai wanda ya kai shekara 55. Ranar ce tsufa ya fara yi mini rana. Sai dai kuɗin fili na wata daban, kuɗin wuta kuma da mita, ba ko ɗaya a cikin "komai" ɗinku.

Yanzu ga maganar zafin da ka yi wa dariya. Zafin Zariya na bazara yana da kunya. Rana ta faɗi, ka yayyafa ruwa a tsakar gida, ka shimfiɗa tabarma, kafin asuba har ka ja zane. Na Finiks a watan Yuli bai san dare ba. Kwalta da siminti suna shan rana tun safe, da dare su amayo ta, sai ka ga ƙarfe uku na dare ma'auni bai sauka ƙasa da digiri 32 ba. Ba kuma wani sirri ba ne da za a ce ya ɓoye muku. A 2023 garin ya yi kwana 31 a jere, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, kullum zafi yana kaiwa digiri 43 ko ya wuce, duniya duka ta ji labari. A Yunin 1990 ya taɓa kai digiri 50. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci suke tururuwa can da sanyin hunturu, su gudu kafin watan Mayu. Sansanin da muka zauna kusan kango ne, layi guda mu kaɗai. Arahar da ka yi ta yaba mini ashe ta lokacin da ba mai so ce.

Ita kuma motar akwatin ƙarfe da roba ce mai siririn bango. Esin da ke gaban direba sai injin yana aiki yake yi. Na kan rufin, ko yana kan wuta, abin da yake iya ragewa bai taka kara ya karya ba idan waje ya kai 45 kuma rana tana dukan rufin kai tsaye. Daga azahar zuwa la'asar muna zaune muna ɗiga kamar an kife mu da tukunya. Idan babu wuta sai janareta, shi ma kowace awa da kuɗinta, akwai agogon da ke ƙirgawa. Ruwan tanki kuwa, ranar farko na tara buta zan yi alwalar azahar, ina zubawa a hannu na yi wurgi da ita. Daga nan na koyi cika butoci biyu tun asuba in tura su ƙarƙashin gado. Ƙarfen bel ɗin kujera ya bar wa Hajiya tabo a hannu, yana nan har yau.

Wannan duka da na haƙura na bar wa Allah. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne firiji. Na gaya maka a ofis, a gaban yaronka, cewa Hajiya tana da ciwon suga, tana allurar insulin, kuma allurar da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ka nuna mini firijin a hoto ka ce ga shi nan. Abin da ba ka sani ba, ko ka sani ka yi shiru, shi ne ba irin firijin gida ba ne. Ba shi da kwamfireso, da zafin wutar gas ko na lantarki yake juya sinadarin da ke cikinsa, yana son mota ta tsaya daidai ba karkace ba, kuma idan iskar waje ta yi zafi sosai sai ya gaza. A rana ta shida na buɗe na taɓa kwalin allurar na ji shi ɗumi. Kwana biyu kafin nan sugan Hajiya yana ta hawa, muna cewa gajiyar hanya ce da zirga-zirgar jego. Sai da mai jego ta bar jaririnta ɗan kwanaki ta raka uwarta wurin likita, aka zubar da maganin wata guda, aka sayi sabo da dala. Ba na so in rubuta abin da na riƙa tunani a kujerar jiran asibitin nan.

Akwai kuma aikin da ba a sa shi a hoto. Banɗakin motar tanki ne, yana cika, kuma mai haya ne zai kwashe. Duk bayan 'yan kwanaki sai in sa safar hannu, in durƙusa a gefen mota, in jona wani ƙaton tiyo zuwa ramin da aka tanada, in ja marfin. A wannan zafi warin ba ya faɗuwa. Rannan bakin tiyon ya kuɓuce. Na wanke jiki, na wanke kaya, na sake wankewa, duk da haka na tsaya sallar la'asar zuciyata tana ƙyanƙyami. Ba raina aikin nake yi ba, sana'ar wasu ce kuma da ita suke ci da iyali. Amma mai saye yana da haƙƙin a gaya masa abin da ya saya.

Wani dattijon Bature da ke gyaran famfo a sansanin ya ba mu shawara mu hau arewa zuwa Flagstaff, tafiyar kamar kilomita 230, gari ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, ya fi Jos nesa ba kusa ba. Muka je, kuma gaskiya ne, har da bargo muka kwana. Sai dai motar tana shan fetur kamar rami, galan ɗaya da ƙyar yake kai ta mil 10, a hawan dutse ma bai kai ba, kuma kowane mil da ya haura abin da aka yanka mana a yarjejeniya da kuɗinsa. Ga shi Hajiya ba shan iska ya kawo ta Amurka ba. Kwana biyu ta ce a mayar da ita wurin jikanta. Mun dawo da kwana ɗaya guguwar ƙura ta taso da yamma, wadda suke kira habub, kalmar Larabci ce. Bango ne na jar ƙasa ya tokare sama, irin na farkon damina a nan amma an ninka shi. Kafin in naɗe rumfar da ke jikin motar iska ta yage ta. Inshorar da kuka ce ta rufe komai ba ta rufe rumfa ba, aka zare kuɗin daga katin surukina.

A rana ta 19 na mayar musu da motarsu. Suka ce kwana 11 da suka rage ba a mayar da kuɗinsu, in koma wurin wanda ya kama mini. Sauran kwanakin a ina na yi su? A falon surukina, a kan doguwar kujera, yaron kirki yana sanɗa da asuba don kada ya tashe ni, ni ina rufe ido ina yin kamar barci nake don kada mu haɗa ido.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Da na buga waya na tambayi mutanen da suke zaune a garin, da minti biyu sun hana ni. Kunya ta hana, da son in isa da shirina a hannu ba tare da na ɗora wa kowa ba. Amma ai dalilin da ya sa ake zuwa wurinku ke nan, a biya ku lada don ku san abin da mu ba mu sani ba. Yaronka ya ce mini a waya wai ku dillalai ne kawai, masu mota suna Amurka. Dillalin shanu a kasuwar Tudun Wada ma idan ya haɗa ka da saniya mai ciwo, shi ake kamawa, ba a bin Bafulatani daji. An kuma ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka ne, amma ni ƙwarya aka ce mini.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku mayar mini da kuɗin kwana 11 da ban yi amfani da su ba, da ladan dillancin da kuka karɓa. Kuɗin fili, da na wuta, da na janareta, da na rumfa, da na maganin Hajiya, duk rasit ɗinsu yana cikin ambulan da na bari a kan kantarku tun zuwana na biyu, ku duba ku gaya mini a rubuce wanne ne bai shiga cikin "komai" ba, da dalili. Na rumfar shi ya fi damuna, don bashi ne a wuyana na suruki, kuma ya ƙi ya karɓa daga hannuna. Sannan ku sauke tallan nan daga shafinku na Facebook. Shekaranjiya jikata ta nuna mini shi, hoton nan dai na bakin tafki, har da ragi na musamman ga masu tafiya a Yuli da Agusta, kuma na ga mutum biyu a ƙasa suna tambayar farashi.

Ina jiran amsarka nan da mako biyu. Idan shiru ya ci gaba zan kai takardun gaban hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, kuma a can dole in rubuta sunan da na ɓoye a nan. Gidana bai ɓace maka ba, nan ne ka riƙa kawo wa mahaifinka saƙo a kan keke. Bayan la'asar kullum ina zaure.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.