Wasiƙa daga gida: kaka ta shigo

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Kumasi, ya sana'a? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ruwa ya fara ja da baya a ƙasar Gumel. Hadari kan haɗu a gabas da la'asar, iska ta watsa shi. Da asuba raɓa ce ke jiƙa wa mutum ƙafar wando in ya ratsa gona, rana na ɗagawa kuma zafin kaka ya sauko. Gero ya nuna, an shiga girbi, dawa ce dai sai sanyi ya buso. Yara ba sa barin bakin murhu, suna gasa tumu suna murjewa a tafin hannu. Mata sun cika tsakar gida da shanyar kuɓewa da barkono. Gyaɗa ma an fara cira, ana ɗora harawa kan rumfa saboda awaki da rani. Sauro ne kawai ya dame mu. Gara ma bana ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida duk wata da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Ga dalilin wasiƙar. Gonar Inna ta yi kyau ƙwarai, har an fitar da zakka, dami 1 cikin kowane 10. Amma rumbunta ya sha ruwan Agusta, jinkar ta ruɓe, gara kuma ta kama gindin. Ƙaninka ya ce tunda babu wurin zubawa, gara a sussuke geron a kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ƙara kuɗi ya sayi babur. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Kai ma ka sani, da kaka kowa sayarwa yake, hatsi ba ya daraja, 'yan sari su kwashe su kulle a sito. In bazara ta yi, rumbu ya zama wayam, su ne za mu bi mu sayi geronmu da tsada, a lokacin da ake neman iri da kuɗin taki. Inna ba za ta faɗa maka ba, ka san kawaicinta, amma na ga abin yana cin ta.

Ka kira shi ka yi masa magana cikin lalama, yaron yana jin taka. Babur ba laifi ba ne, ya dai jira kuɗin gyaɗa da wake. In da hali, ka aiko da abin sayen ciyawar jinka da ladan magini. Kwaɓin ƙasa da ɗora jinka ka bar mana, za mu yi gayya bayan sallar Juma'a.

Inna na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko za ka zo kafin a yanke dawa. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka