Zuwa ga Alhajin Bukuru: Amsar Tambayarka kan Yashin Kuza

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata iyali da kasuwa suna lafiya.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kan ma'adinai, ka bugo waya ana dab da rufewa. Ka ce kai mai sayen kuza ne a Bukuru, sana'ar da ka gada wurin mahaifinka. Ka ce yashin da kamfanonin Turawa suka wanke suka zubar, wanda kuka taso kuna wasa a kai, yau ga baƙi suna bin sa buhu-buhu da kuɗi a hannu. Sai ka tambaya: me ke cikinsa, kuma me ya hana mu masu bincike mu koya muku ku tace abinku da kanku? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Da farko, ba yau aka fara komawa kan wannan juji ba. Kamfanonin da suka shigo Filato a farkon ƙarni na 20 kuza kaɗai suke nema, duk abin da ya biyo ta shara ne a wurinsu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya, babbar ƙasar kuza da ke hannun Ingila, a 1942, Ingila ta juyo kanmu, aka riƙa kwaso mutane aikin tilas daga lardunan Arewa, har abin da aka fitar a 1943 ya haura tan 17,000. Ka ƙiyasta tulin yashin da aka bari a baya. To a shekarun 1950 sai Amurka ta matsu da kwalambait, wani baƙin ma'adini da ke tafe da kuza, saboda ƙarfen da ake samu a cikinsa yana jure zafin injin jirgin sama. Kamfanonin nan suka koma kan jujinsu na da suna sake wankewa, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Daga baya Brazil ta buɗe mahaƙarta ta Araxá, kasuwar ta koma can, har gobe kuma tana can. Ita kanta kuzar ta sha ƙasa a Oktoban 1985 da farashinta ya rushe a kasuwar Landan. Na kawo wannan ne don ka san cewa darajar yashin nan a wata masana'anta mai nisa ake yanke ta, kuma masu saye na iya ɗauke ƙafa ba sallama.

Abin da baƙin yanzu suka fi bi shi ne monazait, 'yan ƙwayoyin nan masu launin zuma da ke cakuɗe da baƙin yashi. A cikinsa akwai wasu ƙarafa 'yan gida ɗaya, cikinsu har da niyodimiyam, wanda tun farkon shekarun 1980 ake haɗa maganaɗisu mafi ƙarfi da shi. Maganaɗisun da ke cikin lasifikar wayarka da injin motar lantarki ke nan. Akwai kuma wani ma'adini mai suna zakon da ake sa wa tayil da tangaran, da ilmanait da ake farin fenti da shi, da sauran kuza da kwalambait da suka kuɓuce wa injinan da. Sai dai monazait ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da toriyam, ƙarfe mai fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda ake kira radiyeshan. Kafin rabin ƙarfinsa ya ragu sai an yi shekara biliyan 14.

Yanzu ga batun tacewa. Ai aikin hawa-hawa ne, Alhaji, kuma amsata a hawa na farko dabam take da ta hawa na biyu.

Hawa na farko rarrabewa ne, ba wuta ba asid. Ka san teburin nan mai girgiza da ruwa ke bi ta kai: farin yashi mara nauyi ya zube ta gefe, kuza da ta fi kowa nauyi ta yi gaba, sauran su jeru a tsakani layi-layi kamar an ja da alli. Kuza ta ninka ruwa nauyi kusan sau 7, farin yashi bai kai sau 3 ba, shi ya sa ruwa ke raba su cikin sauƙi. Matsalar tana tsakiyar tebur. Monazait da zakon da ilmanait nauyinsu ya yi kusa da juna, ruwa ba ya iya raba su. Nan ne maganaɗisu ke shigowa: ya fara ɗauke ilmanait, a ƙara masa ƙarfi ya jawo kwalambait da monazait, ya bar zakon da kuza. Sannan a bi da injin lantarki, domin kuza da kwalambait wuta na ratsa su, monazait da zakon kuwa ba ta ratsa su, sai kowa ya faɗa nasa kwanon. Ana wannan aiki a Jos da Bukuru tun zamanin kamfani, kuma a nan ne riba take ga mutum irinka. Wanda ya sayar da yashi a cakuɗe kuɗin abu ɗaya aka biya shi, sauran ya bayar kyauta.

Abin da ya fi inji muhimmanci ma shi ne awo. Mai saye zai zo da 'yar na'urarsa mai kama da bindiga, ya ɗora a bakin buhu, ya duba allo, ya faɗi farashi. Kai ba ka ga abin da ya gani ba, ko ka gani ba ka san fassararsa ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. A nan ƙorafinka yana kan hanya: an yi bincike da yawa kan yashin Filato, amma yana kwance cikin kundayen digiri da Turanci, bai iso rumfarka ba.

Hawa na biyu shi ne fasa monazait ɗin kansa a fito da ƙarafan. Wannan ba zan koya wa kowa ya yi a bayan gida ba, kuma duk wanda ya ce zai koya maka, ka guje shi. Ana dafa shi ne cikin tsagwaron asid, dangin na ruwan batir amma wanda ba a sirka ba, a zafin da ya wuce digiri 200, ko kuma cikin soda mai ƙuna. Idan an gama, toriyam ɗin da ke ɗaure cikin ƙwaya ya saki, ya tattaru a cikin laka da ruwan da za a zubar. Ina za ka kai su? An gwada a Malesiya, ƙasar kuza irin tamu. A 1982 wata masana'anta ta fara dafa monazait na jujin kuza a Bukit Merah, kusa da birnin Ipoh. Mutanen gari suka yi ta kokawa da cutar sankarar jini da haihuwar jarirai da nakasa, aka sha shari'a, aka rufe masana'antar a 1994. Rahotanni sun ce share wurin ya ci kimanin dala miliyan 100. Kamfani ne mai injiniyoyi da jari, ba mutum da tukunya ba.

Mu ma a gida mun ga abin da shigo da dutsen ma'adini tsakar gida ke jawowa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ashe cike yake da dalma. Ƙura ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, sama da yara 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a garuruwa irin su Dareta da Bagega aka zuba sabuwa. A 2015 aka maimaita a Shikira ta jihar Neja. Ita dalma idan ta yi yawa a jiki takan nuna kanta da wuri, yaro ya kama jijjiga. Toriyam a hankali yake aiki, sai bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai tuna da buhun da ya kwana a zaure.

Akwai hawa na uku, raba ƙarafan nan 'yan gida ɗaya da junansu, wanda ke bukatar a bi da su ta ɗaruruwan tankuna. Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan aiki a Sin ake yin sa. Indiya ta kafa kamfanin gwamnati tun 1950 don ta riƙa sarrafa monazait ɗinta a gida. A ganina idan Nijeriya za ta shiga, ta wannan ƙofa ce: masana'anta mai lasisi ƙarƙashin idon hukumar kula da harkokin nukiliya, wadda za a gina mata ma'ajiyar shara kafin a kunna mata wuta. Ina jin takaicin cewa masu narka kuza na Ririwai suna zuba ta siri-siri suna kai wa kasuwa tun kafin Bature ya zo, yau jikokinsu ɗanyen yashi suke lodawa a tirela. Amma takaici ba zai sa in miƙa maka asid ba.

Abin da ke hannunka tun yau ba shi da wuya. Kada buhun monazait ya kwana a ɗakin da mutum ke kwana, ko a shagon da ake wuni a rufe. Kada a yi yaɓe ko bulo da yashin juji, duk arharsa. Inda ake rarrabewa a bushe, ƙurar ita ce babbar illa, a rufe hanci, a bar iska ta ratsa, a hana yara da masu juna biyu zuwa wurin, masu aiki kuma su wanke jiki su sauya tufa kafin su shiga gida.

Sannan ku haɗa kai a ƙungiyance ku riƙa kai samfur awo kafin ciniki. Cibiyar bunƙasa sarrafa ƙarafa ta ƙasa tana nan Jos kusa da ku, a Zariya kuma akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke da na'urorin gano abin da ke cikin ƙasa da auna radiyeshan. Ku ɗebi samfurin daga sama da tsakiya da ƙasan buhu ku gauraya, ba daga baki kawai ba. Idan takardar sakamako ta fito, ku aiko mini ta gidan rediyon, zan karanta muku ita da Hausa layi bayan layi a cikin shirin.

Ka gaida mutanen kasuwa. Wassalam.

Naka,
mai nazarin sarrafa ma'adinai