Audugar rimi da tumfafiya na iya tsane man da ya malala a teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan malalar ɗanyen mai a teku. Wani zai ce ina ruwan Basakkwace da teku? To, da kuɗin man nan ake biyana fansho, kuma masuntan Neja Delta da kifinsu ke mutuwa 'yan'uwanmu ne.

A Disambar 2011, ganga kusan 40,000 ta malala a filin haƙar mai na Bonga, da ke cikin teku daura da Neja Delta. Idan irin haka ta faru, akan shimfiɗa wasu ƙyallayen roba su tsotse man. Galibinsu da sun jiƙe shi ke nan, sun zama wata sharar mai guba, sai ƙonewa ko binnewa. Shi ya sa masana ke neman abin da za a matse, a tara man, a sake jefa shi ruwa. A 2017 cibiyar bincike ta Argonne a Amurka ta fito da irin wannan soso.

Ni da na tsufa ina koyar da kimiyya, hankalina yana kan audugar rimi, wadda iyayenmu ke cusa matashin kai da ita. Zarenta rami gare shi a ciki, bayansa kuma akwai kaki, don haka ruwa ba ya kama ta, amma mai zuƙe shi take yi. Na sha nuna wa ɗalibai: ruwa a kwano, a ɗiga baƙin mai, a ɗora audugar. Tana yawo a sama, ba ta nutsewa, sai ka ga ta yi baƙi ƙirin, ruwan ya washe. Ka matse ta, ta sake sha, ko da yake ƙarfinta na raguwa. Audugar tumfafiya ma haka take, ga ta nan birjik a kowane fako, ba mai kula ta.

Kwano dai ba teku ba ne, can akwai gishiri da igiyar ruwa. Amma a 2020 mutanen tsibirin Morishus, da mai ya malala a tekunsu, da ganyen rake da gashin kai suka yi shingen tare mai, ba su jira kowa ba.

Roƙona ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hukumar NOSDRA, mai kula da malalar mai a Nijeriya, shi ne su haɗa hannu su gwada abin sosai. A fara daga garejojin makanikanmu, inda ruwan damina ke kwashe baƙin mai zuwa Gulbin Rima. Kuma a dasa rimi, don waɗanda muka gada sare su ake ta yi.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
Sakkwato