Gilashin tsohuwar laftof na iya zama allon kallo mai batir da cajarsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin matasan Garwa, Marwa da Ngaundere da ke yawan tambayar yadda ake haɗa allon kallo na hannu wanda ɗaukewar wuta ba ta kashe shi. Aikin ba wuya, amma wajen caji ne ake tafka ɓarna, har batir ya kama da wuta.

Laftof kan mutu ta bar gilashinta lafiya lau. A kwance shi a hankali, a duba lambar da ke manne a bayansa, misali LP156WH4. Da wannan lambar ake sayen faifan sarrafa hoto, domin bakin da ake jona waya iri-iri ne: wani gilashin bakinsa LVDS ne mai fil 40, wani eDP mai fil 30, kuma ba sa shiga wa juna. Faifan M.NT68676 na masu LVDS ne, yana karɓar HDMI da VGA, yana cin bolt 12. Kafin a ba shi wuta a duba ɗan maƙalin da ke zaɓar bolt 3.3, 5 ko 12. Yawancin gilasan laftof 3.3 suke so. Aka bar shi a kan 12, gilashin ya ƙone nan take. Gilashi mai tsohuwar fitilar CCFL kuwa a ƙyale shi, cin wutarsa ya yi yawa.

Batir sai ƙwayoyin lithiyum masu lamba 18650 guda 6: a haɗa su biyu-biyu, kai da kai, gindi da gindi, sannan a jera rukunin uku, kan wannan da gindin wancan, a sa musu faifan kariya na BMS 3S, wato na rukuni uku a jere. Hakan zai ba da bolt 12.6 a cike. In kowace ƙwaya tana da 2500mAh (ma'aunin yawan wutar da take riƙewa), ƙarfin ya kai wat-awa 55, gilashi mai inci 15.6 da faifansa kuma suna cin kamar wat 8 zuwa 10, wato awa 5 zuwa 6 ke nan. Ƙwayar da aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, babu 18650 mai wannan ƙarfi. Masu ciro ƙwayoyi daga tsohon batirin laftof su auna kowace da mita, wadda ta gaza bolt 2.5 a ajiye ta gefe, kuma kada a gwama sabuwa da tsohuwa, domin mai rauni ce za ta riƙa sa BMS ya yanke wuta da wuri.

To, ga inda gizo ke saƙa. BMS ba caja ba ne, mai gadi ne kawai, yana yankewa idan abu ya wuce gona da iri. Wanda ya jona cajar laftof mai bolt 19 kai tsaye gare shi ya bar ƙwayoyin suna zuƙar wuta ba iyaka, su yi zafi, su lalace. Faifan TP4056 da ya cika kasuwa shi ma ba na nan ba ne, ƙwaya ɗaya yake caji zuwa bolt 4.2. Abin da ya dace shi ne faifan rage bolt na XL4015, irin mai ƙusoshin saiti na bolt da na amfiya. Tun ba a jona batir ba, a murɗa na bolt har mita ta nuna 12.6 daidai, a tsayar da amfiya a kan 2. Daga nan cajar laftof ko farantin sola mai bolt 18 duk za su yi. A sa dayod, wanda ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, tsakanin XL4015 da batir don kada wuta ta koma baya da dare, sai a sake auna 12.6 ɗin bayan dayod, tunda yana rage kaɗan. Fiyus mai amfiya 3 da makunni su zauna daf da batir.

Idan hoto ya fara rawa sa'ad da batir ya yi ƙasa, ƙaramin faifan da ke daidaita wuta a kan 12 zai magance shi.

Akwatin na falankin katako ne ko roba, da ramukan shan iska, batir nesa da XL4015 domin yana ɗumama. Kada a daɗe da ƙarfen dalma a kan ƙwaya, daƙiƙa 2 ko 3 sun isa. A zafinmu na Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Njamena ke haura digiri 40, a yi caji a inuwa ko da sassafe, domin ƙwayar lithiyum ba ta son caji sama da digiri 45. Farantin sola ya sha rana a waje, akwatin yana ɗaki, a ja waya mai kauri tsakaninsu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Garwa, Kamaru.