Dogon ƙauracewa iyali ba ya ƙara wa namiji ƙarfin haihuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don gyara wata magana da ta zauna a majalisun hira na Maradi: wai mai neman haihuwa ya ƙaurace wa iyalinsa mako biyu ko wata guda, ruwansa ya taru ya yi kauri. Wannan shawara tana jinkirta wa ma'aurata abin da suke nema.

Ƙwayoyin maniyyi kan ɗauki kimanin kwana 74 kafin su kammala a maraina, sannan su jira a wata siririyar hanya mai naɗe-naɗe da ke manne a bayansu. In jiran ya yi tsawo, ruwa da ƙwayoyi kan ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma waɗanda suka tsufa sai iyonsu ya yi rauni, wasu su mutu, sinadarin gado da ke cikin kawunansu kuma ya soma tsintsinkewa. Rumbu ya cika, sai dai ƙwari sun riga sun shiga hatsin. Abin da ke kai ƙwaya ga ƙwan mace shi ne iyo, ba kaurin ruwa ba.

Ƙwan mace bai wuce awa 24 da rai bayan ya fito, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 a jikinta. Ga macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, ranakun ɗaukar ciki suna faɗowa wajen rana ta 9 zuwa ta 14, a ƙirga daga ranar da jini ya fara. Saduwa kullum ko bayan kwana bibbiyu a wannan tsakanin ta wadatar. Fatake da ƴan ci-rani su lura da wannan wajen tsara dawowarsu gida, haka ma mai mata fiye da ɗaya, don rabon kwana yakan tsallake ranakun wata matar.

Awon maniyyi yana da tasa ƙa'idar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙaurace kwana 2 zuwa 7, kada a gaza, kada a wuce. A zuba duka cikin kwalbar da asibiti ya bayar, musamman ɗigon farko, don shi ya fi ƙwayoyi. Kada a tara a kwaroron roba na kasuwa, yana kashe su. A kai ɗakin awo kafin awa 1 ta cika, a aljihu kusa da jiki, kada a bar shi a rana kan babur.

Kuma don Allah a daina ɗora wa mata laifi su kaɗai. In shekara ta cika babu ciki, miji ma ya je a auna shi. Sakamako guda mara kyau ba hukunci ba ne: zazzaɓin cizon sauro mai zafi yakan rage ƙwayoyi na tsawon makonni, shi ya sa ake maimaita awon bayan wata 3.

Wassalam.

Wani ma'aikacin lafiya,
Maradi